Anasarar da Ta Sauka a Gonar Gero

Ba mu da murhu a La Courneuve, unguwarmu da ke gefen Paris. Abin da muke da shi shofaj ne, wani ƙarfe mai ɗumi manne da bango ƙarƙashin taga, can saman bene. Nan Kaka take shimfiɗa darduma bayan Magariba, ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafafu. Mahaifiyar babana ce. Daga Damagaram aka kawo ta don a duba mata ido, aka ce ɗan lokaci ne, sai ga shi an kwashi shekaru. Ba ta jin Faransanci, tana tsoron asansar, na'urar hawa da sauka bene, don haka ba ta sauka sai ranar asibiti. Baba yana gadi, Inna tana sharar ofisoshi da yamma. In na dawo daga lakwal, wato makaranta, daga ni sai ita.

Ƙananan jirage kan bi ta saman unguwarmu za su filin jirgin Le Bourget. In ta ji ƙarar ɗaya, sai ta ɗaga yatsa.

"Ƙawata, aje littafin nan, matso. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, tun idon yana ido."

Ta ce tana yarinya, bayan an yanke gero, wata rana da la'asar aka ji ruri a sama. Wani abu ya taho yana tari, yana hayaƙi, ya dira a gonar babanta, ya yi ta karya kara har ya tsaya. Maza suka fito da kwari da baka. Mutum ɗaya ya sauko, sanye da rigar fata. Da ya cire hula sai gashi ya zubo.

"Mace ce, ƙawata! Mace, ita kaɗai, ba miji ba wa ba ƙane. Daga baya wani tafinta ya ce tun daga Faransa ta taso, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, za ta kudu. Ya ce ba macen da ta taɓa bin hanyar ita kaɗai."

Bututun mai ne ya fashe, ya ƙona mata hannu. Ta yi magana, ba wanda ya ji. Mai gari ya ba ta ɗaki ta ƙi, ta zauna ƙarƙashin fiffiken jirginta. Jama'a suka kewaye ta daga nesa suna kallo, ba mai matsowa. Da rana ta faɗi aka watse, aka bar ta. Sai uwar Kaka ta dama fura ta ce wa Kaka, kai wa baƙuwar nan, ko aljana ce tana jin yunwa.

A nan Kaka takan rage murya.

"Ta sha, ta riƙe hannuna, ta yi ta zuba mini magana. Ko kalma ban ji ba. Ni dai ina cewa to, to. Can sai ta yi dariya, ta share hawaye."

Da gari ya waye baƙuwar ta ɗaure hannun da tsumma, ta buɗe cikin jirgin, ta gyara shi da kanta da waya da guntuwar fata. Ta zana wa mutane a ƙasa abin da take so, suka tuge kututturan gonar suka yi mata hanya. Jirgin ya ruga, ya ƙi tashi, ya nufi wani babban gawo. Mata suka rufe ido. Saura kaɗan ya buge shi sai ya ɗaga, har ya kaɗo ganye, ya kewaya garin ya tafi.

"Ta isa, Kaka?"

"Wa ya sani? Ta dai tashi."

Daga baya Kaka ta koma Damagaram, ba ta daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Ni kuma yanzu ina Lyon, ina aikin bincike a jami'a, ina zaune a ɗan ɗaki kusa da kogi. Sai in yi mako ban furta kalmar Hausa ba. Wata Lahadi shiru ya ishe ni, na kira Baba, muka gaisa, na tambaye shi labarin matar.

Ya ce, "Rabi, a gindin kakarki na girma, duk tatsuniyoyinta na haddace. Wannan ban taɓa ji ba sai da ta zo Faransa."

"To ba a yi ba ke nan, Baba?"

"Gonar tana nan. Gawon ma yana nan. Sauran, Allah ne masani."

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mace ma tana iya tuƙa jirgi, kuma ya yi mini amfani. Amma yanzu in na tuna, tashin jirgin a gurguje take ba da shi. Inda take daɗewa shi ne wurin matar da ke zaune a ƙasar mutane, bakinta cike da magana, ba mai ji. Ina jin Kaka ta riƙe labarin tun ƙuruciya ba ta san ma'anarsa ba, sai da ta tsufa ta tsinci kanta a saman bene a Paris. Ni ma sai da na zo Lyon na ji abin da take gaya mini.