Bututun da Torleif Ya Binne

Torleif Sunde, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injin jirgin fiton da ke haɗa tsibirinmu da gaɓar Norway. An san shi da faɗin abin da ke tafe, amma yana da ƙa'ida: ba ya yarda da sabuwar na'ura sai ya ga marowaci ya saye ta. Ranar da maƙwabcinsa Asbjørn, mai dafa ganyen shayi ɗaya sau uku, ya sayi mota mai batir, Torleif ya ce magana ta ƙare.

Shekarar da na dawo daga karatu a Kanada aka kira gayyar zuba kankare a sabuwar matsayar jirgi. Kowa ya fito da shebur. Gunvor, shugabar ƙungiyar gari, ta kawo kofi da burodi da jan cuku. Kawu Torleif kuwa ya iso yana jan ƙaton bututun roba.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Gunvor.

"Na wayar wuta. Jirgi mai batir na nan zuwa, kuma ba zai tsaya inda babu wurin caji ba. In kankare ya daskare babu bututu, sai dai mu riƙa ɗaga masa hannu yana wucewa."

"Motar kankare na jira, kai kana so mu haƙa wa iska hanya." Ta juyo gare ni. "Ke da kika yi karatu, gaya masa."

Na ce a can na ga ana gwada jirgin da ke tuƙa kansa, wataƙila shi ya kamata a shirya wa.

"Wa zai fasa masa ƙanƙarar da ta kama igiya a Janairu?" Kawu ya tambaye ni. "Wancan da sauransa, 'yata. Batir kuwa, Asbjørn ya saya."

"Ragi aka yi mini," in ji Asbjørn. Aka kwashe da dariya. Ya juya ga Kawu. "To malamin duba, in batir ya zo, ai kai za a fara sallama."

"Na sani. Kunnuwana ma sun gaji da ƙara."

Asbjørn ya ɗauki diga. Gunvor ta tafi lallashin direban motar kankare da kofi.

Bayan shekara huɗu sabon jirgin ya iso, shiru kamar agwagwa a kan ruwa, aikin Kawu kuma ya ƙare. Shi da kansa ya jawo wayar wutar, yana amfani da igiyar da ya bari cikin bututun. Da na leƙa ramin, sai na ga bakin bututu biyu.

"Kawu, na biyun fa?"

"Wannan ban sani ba tukuna," ya ce, yana mayar da murfi. "Ina dai sa wa Asbjørn ido."