Hatimin Baba da Takardata

Shekara tara ke nan cif da muka binne mahaifina, Injiniya Yohanna, kuma har yau hatiminsa na cikin durowata a Samaru. Ba ni da ikon buga shi a kan kowace takarda, don lambar rajistarsa ce a jiki.

Baba gadoji da kwalbatoci yake zanawa, ni kuwa manhajar kwamfuta nake rubutawa. Ranar da ya ji maƙwabtanmu na Palladan suna ce mini Injiniya Rifkatu, sai da ya ajiye cokali.

"Ke, in wannan abin naki ya rushe, wa za a kama?"

Na ce ba kowa, gyarawa ake yi. Ya ce, "To, ke ba injiniya ba ce tukuna." Kai, maganar nan ta yi mini ciwo! Sati guda ina gaishe shi a daƙile.

Ana nan sai wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari ya ba ni aikin manhajar da ke auna maganin yara gwargwadon nauyinsu. Ba wanda ya nemi in sa hannu a komai, amma tambayar Baba ta hana ni sakat. Na rubuta takarda cewa ni na yi aikin, ga yadda na gwada shi, in ya yi kuskure ni za a nema. Likitan har da dariya, wai bai taɓa ganin haka ba. Na kai wa Baba kwafi. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu, ya ninke ya jefa a aljihu.

Yau Samaru ta cika da masu rubuta manhaja, kowa Injiniya, wasu da rajista, da yawa babu, ana ta musun wa ya cancanci sunan. Da Baba na nan, na san ba zai shiga musun ba, tambayarsa kawai zai maimaita. Ni ma, yanzu da nake koyarwa, ita nake wa ɗalibaina, suna ta ƙunƙuni.

Sunan ya daina damuna tun ranar da Mama ta miƙo mini akwatin hatimin bayan rasuwarsa. Takardata na ciki, a ninke. A bayanta ya rubuta da birona da ya ara bai mayar ba: "Aikin Injiniya Rifkatu. Na duba."