Katin da Na Karanta wa Matata

Matata alewa take yi. Wurin kakarta ta koya tun kafin in ɗauko ta daga Arewa in kawo ta Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa. A tsakar gida take dafa sukarin, ta ja shi a jikin ƙusa har ya yi fari, kuma ba ta sauke tukunya sai ta ciji kaɗan da haƙoran gaba, don ta ce a haƙori ake jin ko ya nuna. Shekara shida tana haka. Tana da wushirya, irin wadda in mace ta yi dariya sai ka nemi abin da za ka faɗa ta sake. Haƙorin da ke dama da wushiryar ne ya fara baƙi daga gefe.

Saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai a lokacin. Ni ina saya wa maigidanmu goro a ƙauyukan Yarabawa, in kawo Sabo a ɗaure huhu a tura Arewa. Yawon nan ya sa na ji Yarabanci, na tsinci Turancin kasuwa. Na kuma yi 'yan watanni a ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi. Ita kuwa tana kulle. In ban da gaisuwa, ba ta jin komai sai Hausa.

Da ciwon ya tashi, ba abin da ba mu sa ba: kanumfari, jar kanwa, garin taba. Ta daina shan ruwan randa sai ta ɗumama. Wata rana na iske ta ta jingina kunci da bangon ɗaki tana hawaye ba sauti. Na ce zan kira wanzami ya zo da awartaki a huta.

"Malam, na gaba ne fa," ta ce. "In aka cire shi, wushiryar ta zama ƙofar gari."

Ko a cikin ciwon sai da ta ba ni dariya.

Wani direba da ke ɗaukar mana goro ne ya ce akwai likitan haƙori a asibitin gwamnati da ba ya saurin cirewa. Yakan huda haƙori ya zare jijiyar da ta ruɓe, ya bar haƙorin a tsaye. Da na faɗa mata, ta kama roƙo. Ranar Talata da hantsi ta lulluɓa, muka taka zuwa Mokola muka shiga mota. Rabonta da titi tun ranar da aka kawo ta.

Likitan wani Bature ne mai furfura, nas ɗin kuma Bayarabiya ce, doguwa, mai faɗa. Ba su hana ni tsayawa ba, don ni ne tafinta. Aka yi mata allura a dasashi. Ya jawo wani inji da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, ya huda haƙorin ta baya. Wani wari ya fito da har yau hancina bai manta ba. Sai ya riƙa zura wasu 'yan allurai sirara yana murzawa, can ya zaro wani abu kamar guntun zare, baƙi-baƙi, ya ɗora a auduga ya nuna mana. Abin da ya hana ta barci wata biyu ke nan, bai kai tsawon farce ba. Duk tsawon aikin tana riƙe da hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Da aka gama, nas ta ja ni gefe, ta kira ni da sunan da suke kiran Bahaushe, ta yi mini bayani da Yarabanci.

"Gambari, buɗe kunnenka. Ba a gama ba. An cire abin da ya mutu, an sa magani da auduga, an toshe da abin wucin gadi. Bayan kwana bakwai ku dawo a wanke ciki, sannan a sake dawowa a liƙe shi gaba ɗaya. Ciwo zai tafi, kada ya ruɗe ku. Haƙorin da ba shi da jijiya ba ya kawo ƙara, ko gidansa na ruɓewa. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ta rubuta ranar a wani kati shuɗi ta miƙa mini.

Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa rumfar goro. A shekarun nan unguwa ta tsananta a kan fitar matan aure, kowa na duba gidan maƙwabcinsa. Ina sallama wani dattijon dillali, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, ya ɗaga murya.

"A'a, ga ɗan boko! An ce ka kai iyali Bature ya ƙirga mata haƙora. Guda nawa ya samu?"

Aka yi dariya. Na ce lalura ce.

"Lalura mana. Mu dai a kara muka san ana buɗe wa saniya baki a duba haƙori, kuma sai in za a saya. To, nawa ya taya?"

Masu ɗaurin huhu har da riƙe ciki. Maigidanmu bai yi dariya ba, amma bai tsawata ba, ya ce kawai, "Sau ɗaya dai ko?" Na ce sau ɗaya. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani, kuma bayan na faɗa sai na tsaya a kai.

Na koma gida na tarar da mace sabuwa. Allurar ta sake ta, ciwo ya tafi, ta yi miyar taushe tana waƙa ƙasa-ƙasa. Bayan mun ci ta ɗauko katin daga cikin kwanon da ta adana shi.

"Malam, karanta mini. Me suka rubuta?"

Na riƙe katin ina kallon ranar, a rubuce ɓaro-ɓaro. Na ce, "Sun ce an gama. Sai in ciwo ya dawo a koma."

Ta dube ni. Ta ce, "Haka suka ce?"

"Haka suka ce."

"To, alhamdu lillahi." Ta mayar da katin ta rufe kwanon.

Na gaya wa kaina ai ba ta jin ciwo, kuma likitoci sun saba jan magana. Na san ba gaskiya ba ne. Maganar nas ɗin tana kunnena kalma bayan kalma.

Talata ta zagayo. Da safe na ga ta yi wanka da wuri, ba ta ɗora tukunyar alewa ba, mayafinta na fita a ninke a bakin gado.

"Malam, yau ba inda za ka?"

Na ce ƙauye zan shiga, goro ya fito. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na fita ban waiwaya gadon ba.

Mako uku lafiya lau. Har na fara jin na yi daidai. Sai abin toshin ya fita a cikin alewa, ta riƙa cusa auduga da tsinke. Haƙorin ya koma ruwan toka. Ta ce in ta danna ƙarƙashin hanci tana jin nauyi, na ce sanyi ne. A mako na biyar na yi kwana huɗu a ƙauye. Na dawo da rana tsaka na ga takalman mata a ƙofar ɗaki, na kutsa ciki.

Ban gane fuskarta ba. Leɓen sama ya kumbura ya taɓo hanci, kunci ya tashi yana ƙyalli, idon dama ya rufe ruf. Jikinta zafi kamar garwashi, tana kiran kakarta da ta daɗe da rasuwa. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce, "Kai ɗan nan, me kake jira? Sai ta cika?"

A wannan karon ban damu da wanda ya gan mu ba. A kafaɗa na fito da ita har bakin titi.

Baturen ya duba bakin, ya dubi katin, bai ko kalle ni ba. Nas ɗin ce ta yi kaina. Ta kaɗa mini katin a fuska tana faɗa, ta ce mugunya ta ci ƙashi, ta ce da mun ƙara kwana biyu da ta hau kai, ta ce ita da kanta ta gaya mini, ko kurma ne ni? Matata ta buɗe ido ɗayan da ƙyar.

"Malam, me take cewa?"

"Ta ce ciwon ne ya zo da ƙarfi."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko saurin fita.

Aka tsaga dasashi aka matse mugunyar. Haƙorin bai cetu ba. Suka cire shi, suka cire na kusa da shi, don ƙashin da ke riƙe da su ya lalace. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gadon asibiti ana yi mata allura safe da yamma. Ta tashi, amma leɓen ya ɗan lotsa ciki, wushiryar kuma ta ɓace a cikin giɓi. Ta ba da ƙusar jan alewa kyauta, ta koma koko da ƙosai. Ta koyi dariya da bakin mayafi a kan baki, daga baya ta rage dariyar ma. Dillalin nan ya zo mini jaje har gida, ya yi addu'a mai tsawo. Ina jin ya manta ma da abin da ya faɗa.

Shekarar da muka sauke farali na ce a sa mata haƙorin Makka a gurbin. Ta ce, "Bar shi, Alhaji. Na saba da iska."

Sai da muka tsufa nawa haƙorin ya kama ciwo, turmi na ƙasa. 'Yarmu ta kai ni asibiti, aka yi mini aiki iri ɗaya: huda, zare jijiya, auduga, kati. Zuwa uku aka ce, ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar da aka liƙe shi na dawo na iske ta tana tsince wake a faranti. Na zauna a turmi kusa da ita na faɗa mata duka: abin da nas ta ce, maganar saniya a kara, abin da ke cikin katin.

Ba ta daina tsince waken ba.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar. Da ka juya kana sa hula, matar nan ta nuna mini yatsu bakwai, ta nuna kujera."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

"In ce me? Kai ka riƙe takarda, kai ka iya karatu. In na ce ba haka aka rubuta ba, na ce mijina maƙaryaci ne. Da wane bakin zan ci gaba da ce maka Malam? Shi ya sa na ajiye mayafi a inda za ka gani."

Na ce ta yafe mini. Ta tsame wata tsakuwa ta jefar.

"Haƙoran na yafe tuni. Ƙarya ta biyun ce ta daɗe tana ci na. Ina kwance ban san ko zan tashi ba, na tambaye ka." Ta kaɗe faranti. "Je ka, na yafe. Miƙo mini tukunyar can."

Na miƙa mata.

Ta rasu bayan damina biyu. Nawa haƙorin yana nan daram, da shi nake fasa goro har yau. Kusan duk 'yan uwansa sun zube, shi da ba shi da rai ya ƙi faɗuwa, kuma harshena ba ya wuni bai je wurinsa ba.