Motar Malam Birki

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana koya wa mutane tuƙi, kuma a unguwarmu babu mai kiransa da wani suna sai Malam Birki. Dalili kuwa, motar makarantar da yake aiki birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a tasa ƙafar a kujerar gefe. Da ya ga ɗalibi ya fara jin kansa direba, sai ya taka nasa, motar ta tsaya cak, ya juyo ya ce, "Ina za ka da sauri haka, wa ya mutu?" Rabin direbobin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu sun sha wannan tambayar, shi ya sa har yau in sun hango shi suke rage gudu kafin su ɗaga hannu.

Yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya tsira daga ita. Ranar farko, kafin ka taɓa sitiyari, sai ka cire takalmin ƙafar dama. Cewa yake takalmi yana toshe wa ƙafa kunne, totur kuwa magana yake, sai da yatsa ake jin sa. Manyan mutane masu tumbi da 'yan mata masu dogon takalmi, duk haka suka zauna da ƙafa ɗaya tsirara suna zufa. Ni ma da na kai munzalin koyo bai raga mini ba don ni 'yarsa ce. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma a cikin mota babu uwa babu ɗa. Sau uku ina fita ina buga masa ƙofa, sau uku yana jira in huce in dawo. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ƙafar da ya horar ba ta ɓarnar mai, har yau tankina ya fi na mijina daɗewa.

Sai dai mu 'yan gida mun san wani abu da ɗalibansa ba su sani ba. Mutumin nan da bai taɓa wuce gudun kilomita sittin ba, zuciyarsa tana wajen motocin nan masu ƙofa biyu, gajeru, masu kama da na tsere. In muna tsakar gida ɗaya ta wuce a titi tana gurnani, sai ka ga ya dakata da kofin shayi a hannu, ya karkata kai har sai ƙarar ta ɓace. "Silinda shida," zai ce a hankali, kamar mai ambaton wani wanda ya daɗe bai gani ba. Umma kuwa ba ta bari ya wuce. "Oho dai," take cewa, "kura ta ga nama a rataye." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa, da safe kuma ya shiga tsohuwar motarsa mai tari ya tafi aiki.

Watansa biyu da yin ritaya na raka shi asibitin ido, don ya fara cin karo da kujeru a gefensa. Likita ta daɗe tana haska shi, ta sa ya leƙa cikin wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Da ta gama sai ta yi mana bayani ba kwana-kwana. Ganinsa na gaba lafiya lau yake, amma gefe da gefe yana rufewa sannu a hankali, kuma magani sai dai ya rage masa sauri. Baba bai tambayi ko zai makance ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Likita, tuƙi fa?" Ta ce da rana zai iya tukuna, shekara ɗaya, in an yi sa'a ɗaya da rabi, da sharaɗin ya riƙa zuwa awo duk wata uku. A hanyar komawa ina ta haɗiye kuka don kada ya ji.

Kwana uku bayan nan ya ajiye kofi ya ce zai sayi mota mai ƙofa biyu.

Umma ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, tsufa ne ya zo da gardama?"

"Ba gardama. Shekara talatin ina zaune a gefe ina taka wa mutane birki. Ina so in zauna a inda sitiyari yake kafin a tashe ni."

"To ni ta ina zan shiga? Motar da sai mutum ya durƙusa kamar mai gaida surukai?"

"Ni zan riƙe miki hannu."

Umma ta yi tsaki, amma na ga ta juya fuska tana gyara mayafin da bai karkace ba. Ni kam nan take na goyi bayansa. Na ce in dai mota ce, wallahi sai ya hau wadda ransa yake so.

Ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da abin da aka ba shi na sallama, muka tafi wajen wani dillalin motocin hannu, mu uku da amininsa bakanike wanda muke kira Kawu. A can ƙarshen filin, bayan layin manyan motoci, muka tarar da guda biyu ƙira ɗaya, kamar tagwaye. Baƙar tana da injin silinda shida, farar tana da huɗu. Dillalin, wani mai baki kamar rediyo, ya dafa baƙar ya ce wannan ai ba mota ba ce, jirgi ne aka hana shi fiffike. Kawu bai kula shi ba. Ya buɗe bonet ɗin kowacce, ya sa aka tayar, ya kara kunne, ya shinshina hayaƙin salansa, sannan ya goge hannu.

"Duka biyun lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Amma baƙar nan mashayiya ce. Lita ɗaya, kilomita bakwai, in ka lallaɓa ta. Farar za ta ba ka sha huɗu."

"Ƙarfi fa?" in ji Baba.

"Farar za ta kai ka duk inda za ka. Baƙar za ta kai ka kafin ka shirya."

Aka kawo makullai. Baba ya buɗe ƙofar farar, ya zauna, ya sunkuya ya cire takalmin dama ya ajiye a bayan kujera. Dillalin ya zaro ido ya ce, "Alhaji, ai ba sai ka cire ba, za a wanke ta." Kawu ya ce masa ya bar mutum ya yi aikinsa. Na shiga gefe, muka fita. Farar ba ta da laifi ko kaɗan. Tana da sauƙin hannu, tana shan lanƙwasa kamar an zana mata layi, kuma in ya taɓa totur tana amsawa da ladabi. Baba ya gyaɗa kai sau biyu, irin gyaɗawar da yake wa ɗalibin da ya yi daidai.

Da muka koma ya shiga baƙar, tun daga tayarwa na ji bambanci a cikin ƙirjina. Muka bi ta bayan gari inda titi ya miƙe, babu kowa sai wata babbar mota can nesa. Ya rage gudu har kusan tsayawa, ya duba madubi, ya duba hagu da dama da dukan wuyansa yadda likita ta ce ya riƙa yi. Sannan Malam Birki, ubana, ya nutsa babban yatsansa har ƙasa. Kujera ta ja bayana, ƙarar ta cika motar, kafin in gama salati allura ta kai ɗari, iyakar abin da doka ta yarda a wannan titin. Nan ya ɗaga ƙafa. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, dariya ce ta fashe masa irin ta yara, har da buga sitiyari. "Uwata, kin ji? Kin ji abin da nake gaya muku?" Na ce na ji, Baba. Idanunsa sun kawo ruwa, bai ma damu ya goge ba.

Saboda haka da muka dawo fili ya sa takalminsa ya ce wa dillali farar zai ɗauka, sai na ji kamar an mare ni.

Na ja shi gefe, don ba na son yi masa tsiwa a gaban mutane. "Baba, wace irin magana ce wannan? Yanzun nan na ga fuskarka a cikin baƙar."

"Kin gani."

"To me ya sa? In mai ne, ni zan riƙa zuba maka. Ina aiki, mijina yana aiki."

"Allah ya yi muku albarka. Amma ba zan yi wasa da mota da guminku ba, kuna da yara."

Na ce wannan taurin kai ne kawai, mutum ya yi shekara talatin yana mafarkin abu, ya zo hannunsa, ya ce a kai kasuwa. Ya bar ni na zazzage duka, kamar yadda yake yi tun ina buga masa ƙofa. Da na yi shiru sai ya ce in saurara.

"Fanshona tanki biyu zai iya a wata, ba tare da an taɓa tukunyar uwarki ba. Hanyar da nake so in riƙa bi kullum, in kai ta shagonta, in zaga ta bayan gari in dawo, kilomita arba'in ce. Baƙar za ta ba ni kwana goma sha bakwai, sauran sha ukun tana ƙofar gida ina kallonta. Farar za ta ba ni wata cur." Ya dubi baƙar. "Da ina da shekara goma a gaba, wallahi baƙar zan ɗauka, in hau ta ranar da na ga dama. Shekara ɗaya aka ce mini, Uwata. Ba ni da kwanan da zan ajiye."

Duk da haka ban huce ba. Har muka iso gida ina cika ina batsewa, shi kuwa yana ta wasa da giyar motar kamar ba da shi nake ba.

Daga ranar, ƙarfe bakwai da rabi na safe farar tana waje. Umma takan fito tana mita, ya riƙe mata hannu ta durƙusa ta shiga, kuma cikin wata guda ita ce mai cewa ya ɗan taka mana, kada a buɗe kasuwa ba ita. In ya sauke ta a shagon ɗinkinta sai ya zarce bayan gari, ya bi hanyar da ke hawa tudu tana lanƙwasa, ya tsaya a sama ya sha shayin da ya zo da shi a fulas, ya gangaro. Ran da aka yi ruwa ya fita, ran da yake mura ya fita. Tsofaffin ɗalibansa suka riƙa tsayar da shi a danja suna ihu, "Malam, kai ne a cikin wannan?" Yakan sauke gilashi ya ce, "Ni ne. Hannu biyu a sitiyari." Duk wata uku ina raka shi awo, duk zuwa kuma ɗigon hasken da yake gani yana raguwa. Ba ma zancen a hanya. Wani lokaci in baƙar mota irin waccan ta wuce mu, ina satar kallonsa in ga ko zai yi da-na-sani. Yakan bi ta da kunne har ta ɓace, shi ke nan.

Wata goma sha huɗu aka yi haka. Wata Laraba da hantsi ina wurin aiki wayata ta yi ƙara, na ga shi ne, alhali bai saba kirana a wannan lokacin ba.

"Uwata, in kin sami sarari ki zo ki same ni a gindin tudu, wajen mai sayar da tukwanen fure."

"Lafiya, Baba? Wani abu ya faru?"

"Babu abin da ya faru. Ki zo dai."

Nan take na hau tasi. Na same shi tsaye a gefen titi, motar an ajiye ta tsaf, babu ko ƙwarzane. Ya ce wata mata ce ta fito da keke daga hagu, bai gan ta ba sai da ta zo gabansa. Ya tsaya a kan lokaci, ita ko juyowa ba ta yi ba, ba ta ma san an yi wani abu ba. "Amma ni na sani," ya ce. "Da ɗalibina ne ya yi haka, ba zan sa masa hannu ba."

Na ce wataƙila rana ce ta haske shi, mu koma wajen likita tukuna, ƙila a canza magani. Ni da na fi kowa sanin halinsa, ni ce nake roƙonsa ya yi wa kansa ƙarya. Ya girgiza kai, ya kamo hannuna ya sa mini makulli a tafi.

"Kwana ɗari huɗu da ashirin da biyu," ya ce. "Ban tsallake ko ɗaya ba. Kar ki yi mini kuka a titi, mutane za su ce na buge wani."

Na yi dariya hawaye yana zuba, na ji kunyar duk fushin da na yi masa a filin dillali. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gefe da kansa ya shiga. Ni kuma na buɗe ta direba, na kai hannu ƙasa zan jawo kujera gaba, don ya fi ni tsayi nesa ba kusa ba. Sai na tarar babu abin da zan gyara. Ya riga ya matso da ita daidai ƙafata, ya sauke madubin daidai idona, tun kafin ya kira ni.