Baba Mai Daɓe da Ruwan da Ba Shi Ya Zuba Ba

Kullum kafin ya taɓa kayan aiki, Baba Mai Daɓe sai ya tuɓe takalmi ya bi ɗakin lungu-lungu, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Tafin ƙafarsa ne ke gaya masa inda siminti ya yi tudu da inda danshi ya ɓuya. Sannan ya ɗaure gwiwoyinsa da tsumma, ya durƙusa. A durƙushe ya cinye ƙuruciyarsa, yana shimfiɗa daɓen ɓawon itace, abin nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ake matsewa falle-falle kamar tayil. Ba ya ɗaukar sanyi, ba ya ƙara in an taka, mai dogon tsayuwa kuma bayansa kan huta.

Yanzu gwiwoyin sun ce sun gaji, ya ajiye aiki. Ni da ko ƙusa na buga sai an ɗaure mini yatsa, ba ni da bakin koya wa kowa daɓe. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ƙona mini rai.

Wani mai shagon yadi ya sa shi aiki. Da ya gama, Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba siminti ba ne. Tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi, kada a kwara masa ruwa."

Mai shago yana kan waya, ya ɗaga hannu. "Na ji, Baba, na ji. Ai ba yau na fara taka ƙasa ba."

Bai ji ba. Washegari ya kira Iya mai shara, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. "Iya, ni ba na son aikin shafa-shafa. Kwara ruwa, ki sa sabulu, ki bi da tsintsiya, in ga kumfa!" Haka kowace safiya. Ruwa ya bi gindin bango ya shige ƙasa, daɓe ya kumbura, ya fara wari.

Sai mai shago ya kira Baba a gaban masu sayayya. "Zo ka ga soson da ka shimfiɗa mini! Daɓe na ce maka ko katifa?"

Baba ya durƙusa ya ɗaga falle ɗaya, ruwan sabulu ya ɗigo. Yana ɗaga kai ya hango Iya a bayan kanta, riƙe da bokiti. Ya san mutumin sarai. In ya ce ruwa ne, ba zai ce "ni na sa" ba, cewa zai yi Iya ta kwashi tsintsiyarta ta kama hanya. Sai Baba ya ce, "Zan gyara." Ya kuwa gyara, ya roƙi Iya a ɓoye ta koma tsumma.

A gida matarsa ta tare shi. "Malam, bakinka ciwo yake yi?"

"Ni in an kore ni nan, ina da wani ɗakin da zan durƙusa. Ita fa?"

"Wane ɗakin? Wa ya neme ka tun ranar?"

Gaskiyarta. Suna ya riga ya fita: Mai Soso. Mutanen da ko ƙofar shagon ba su taɓa gani ba suka riƙa faɗa suna ƙyaƙyatawa. Magina suka daina kiransa. Abin da ya fi ba ni haushi, waɗanda aikinsa ke ƙarƙashin ƙafarsu lafiya lau sun yi gum. Mai kantin maganin da ya daina dafe ƙugu bai ce uffan ba. Malamar da yaran ajinta ke birgima a daɓensa ba su ji ciwo ba, ita ma shiru. Baba ya koma goge tayil ɗin wasu, a kan siminti mai cin gwiwa.

Sai da babban ɗan Iya ya sami aiki ya ce ta huta. Ranar sallama ta dire bokiti a tsakiyar shago, ta ce, "Yallaɓai, kafin in tafi: ruwan nan kai ka ce in kwara. Dattijon nan ni ya rufa wa asiri."

Mai shago ya ce, "Haba Iya, ai wannan ya wuce."

Ya wuce! Ga wa ya wuce? Bakunan da suka yaɗa ƙarya da gudu, da gaskiya ta fito sai duk suka kamu da ciwon haƙori.

Baba, kai ne ka ba da sunanka don tukunyar marayu ta ci gaba da hawa wuta. Kai ne mai aikin da ake takawa ba a dubawa. Ba ka nemi shaida ba, ba ka yi gori ba, ko wannan rubutun da an tambaye ka cewa za ka yi a bari. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwo.

Masu tasowa, ku koyi hannunsa, amma ku fara da halinsa: in gaskiyarku za ta taka wanda ba shi da kowa, ku tsaya ku duba tukuna. Ku kuma da kuka kira shi da wancan suna, kun san kanku. Yana nan zaune a ƙofar gidansa. Ku je da ƙafarku ku ba shi haƙuri, shi ba zai iya tasowa ya same ku ba.