Silifas ɗin Kunna Inji

Ina kai hannu kan injin tace ruwan, wuta ta fizge ni har kafaɗa. Salatin da na saki ne ya fito da matar yayana daga kicin.

A gidan Yaya ne a Daurawa, inda ya gina wa yara ɗan kwamin ninkaya.

"Ayya, ba ka sa silifas ɗin ba?" in ji ta, tana nuna min wasu tsofaffin silifas a gefen injin. "Ai kowa sai ya sa su kafin ya taɓa."

Wato har takalmi aka ware wa matsalar!

Na leƙa bayan injin. Koriyar wayar da ya kamata a haɗa da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa, ga ta nan tana lilo. Wai mai gyara ya ce ko babu ita inji zai tashi.

Na ce, "Anti, su yaran da silifas suke shiga ruwan?"

Ta juya ta kalli autarta, wadda har ta tuɓe riga.

Na kashe wutar gaba ɗaya, na ce ba mai shiga sai ƙwararre ya zo.

Ku fa, wane haɗari kuka ajiye wa silifas a gidanku?