Ɗakin da aka amsa mini sallama

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Ban saba rubutu a nan ba, karantawa kawai nake yi in wuce, amma yau ina neman taimakonku.

Bari in fara da abin da ke gabana. Sashenmu na tarihi a jami'a ya shirya tafiya zuwa wani ɗan tsibiri mai tsofaffin gine-gine, kuma an zaɓe ni. Tun ina aji ɗaya nake karanta labarin wurin. A makon tafiyar ne kuma ya kamata a yi wa ɗakin kakata yaɓe kafin ruwa ya sauka. Shi kaɗai ne ginin ƙasa da ya rage a gidanmu, kuma ni nake taka mata ƙasar duk shekara. Baffa ya ce in bana ba a samu mai yi ba, zai rushe shi ya sa bulo. Ita kuwa ta ce a ɗakin aka kawo ta, daga cikinsa za a fitar da ita.

A mafarkin, na ga kaina cikin kwalekwale ba mai tuƙi, ruwa shiru. Sai kawai ga mu a tsibirin, ni da wasu baƙi da ban sani ba. Wani dogon mutum mai farar riga yana gaba yana bayani, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ƙeyarsa kawai. Ya nuna mana wani gidan dutse mai tagogi ƙanana, da tsohuwar igwa da ta yi tsatsa tana kallon teku.

Kowa ya kutsa ciki da takalminsa. Ni kuma na tuɓe nawa, na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Ba a amsa ba. Na sake, shiru. Na kasa shiga. Haka aka yi a gidan wani attajirin zamanin da, haka a kurkuku, haka a wani ɗakin ajiya mai warin gishiri. Su shiga su ɗauki hoto su fito, ni ina waje riƙe da takalmi ina jira a ce in shigo. Wata mata ta ce mini masu gidan sun daɗe da mutuwa. Na sani, amma ƙafata ta ƙi.

Sai kawai hanyar ta tsuke ta zama lungun gidanmu, ga teku kuma a ƙarshensa. Ga ɗakin kakata, an kewaye shi da igiya kamar kayan tarihi. Bangon ya tsage, indararo ya faɗi, azara ta leƙo waje. Mai farar rigar ya nuna wani ɗan sawun hannu a gefen ƙofa, ya ce ba a san na wane ne ba. Nawa ne. Kakata ce ta danna hannuna a ɗanyen yaɓe ina ƙarami. Na buɗe baki in faɗa, murya ta ƙi fita.

Sallamar ce kawai ta fito.

"Wa alaikumus salam. Angona, sai yanzu? Ragon miji, ka bar amarya ruwa zai ci ta."

Muryarta ce, har da 'yar dariyar nan da take yi in tana tsokanata. Ba wanda ya juya, ni kaɗai na ji. Na duba ƙafafuna, sai na ga kwaɓaɓɓiyar ƙasa har ƙauri, da ciyawa a jiki. Na ɗaga ƙafa zan tsallake igiyar, ta ƙara tsawo. Hadari ya haɗo daga wajen teku. Ɗigon farko ya sauka a kan sawun hannun, na ga yatsun suna narkewa.

A nan na farka, ana kiran asuba, ina ta shafa ƙafata.

Da safe na kira gida. Lafiyarta ƙalau, har ta tambaye ni ko ina cin abinci. Ba ta ce komai game da yaɓen ba, ni ma ban faɗa mata zancen tafiyar ba.

Gobe malaminmu zai tambaye ni ko zan je. Don Allah masu sani, me wannan yake nufi? Damuwata ce kawai ta biyo ni barci, ko kuwa akwai dalilin da ya sa duk tsibirin nan a ɗaki ɗaya aka amsa mini?